Kuɗin Haya a Ƙarƙashin Faranti

A unguwarmu, cikin tsohon garin Taranto, idan watan Mayu ya kama ba ka jin zancen komai sai na takardar haraji. Kowace tsohuwa tana da kwalin takalmi da ta cika da rasitin magani na shekara guda, na hawan jini, na ciwon gwiwa, na tabarau. Sai ta rungume shi ta nufi ofishin ƙungiyar 'yan fansho, inda ake cike mana takardar a ga ko gwamnati za ta dawo mana da ɗan wani abu. Ni Sisina kwalina ya fi na kowa nauyi, don ba abin da nake yafe wa gwamnati, ko da rasitin auduga ne.

Tare muke zuwa da Titina, maƙwabciyata, wadda ƙofarta ke kallon tawa a hawa na biyu. Ni gidan da nake ciki gadon mijina ne. Ita kuwa haya take yi a hannun Don Cataldo, wanda a da yake da shagon kayan ƙarfe, yanzu kuma yake zaune shi kaɗai a samanmu tun rasuwar matarsa. Titina ta share azuzuwan makarantar firamare har bayanta ya ƙi miƙewa, sannan aka sallame ta da fansho ɗan mitsitsi. Mace ce mai kunya irin wadda ke ba ni haushi. In ka taka mata ƙafa ita za ta ce ka yi haƙuri. Duk da haka ba ni da ƙawar da ta kai ta, kuma ko a gaban 'yan'uwana na jini zan faɗa.

A shekarar da nake ba ku labari an kawo sabuwar ma'aikaciya ofishin, sunanta Ilenia, mai tambaya kamar alƙali. Tana cikin shigar da rasitan Titina sai ta ɗago.

"Sinyora, gidan da kike ciki naki ne, ko haya?"

"Haya, 'yata."

"To me ya sa ba a taɓa sa miki ita a takarda ba? Mai ƙaramin fansho irin naki, in yana haya, ana rage masa haraji. Ba wani tarin kuɗi ba ne, amma za su ɗauke miki kuɗin wuta da gas na hunturu. Ki kawo mini takardar hayar, mai rajista."

Na zunguri Titina da gwiwar hannu. "Kin ji ko? Shekara da shekaru kina ciyar da gwamnati, ke ko naman Lahadi sai kin yi lissafi."

Titina ta sunkuyar da kai. "Takardar da nake da ita ba irin wannan ba ce."

Ba wanda ya nemi ƙarin bayani, don rabin layinmu irinta gare su. Mai gida ba ya son biyan haraji a kan kuɗin haya, sai a rubuta cewa aron gidan ya ba ka ka zauna kyauta saboda zumunci, kai kuma ka riƙa miƙa masa kuɗinsa ta bayan fage. Ilenia 'yar gari ce, ta san wannan tun tana goye.

"To, Sinyora, a idon gwamnati ko sisi ba kya biya. Ba za a rage miki haraji a kan abin da ba kya biya ba."

"Amma ina biya. Ban taɓa tsallake wata ba."

"Ni na yarda. Injin nan ne ba zai yarda ba." Sai ta rage murya. "Ki ma bar ta harajin. Da wannan takardar, duk ranar da mai gidan ko magadansa suka ce suna son kayansu, sai dai ki kwashe naki. Shekarunsa nawa?"

"Ya haura tamanin."

Ilenia ta rufe kwalin, ta turo mata shi a hankali.

Abin da ba ta sani ba shi ne Don Cataldo ba mai gida kawai ba ne a wurin Titina. Shi ya riƙe ɗanta Egidio ranar baftisma. A wurinmu wanda ya riƙe maka ɗa a gaban fada, wato limamin coci, ya wuce maƙwabci, wani lokaci har ya wuce ɗan'uwa. Ita tana ce masa Kumpare, shi yana ce mata Kummare, kuma tsakanin mutane biyu masu wannan kiran ba a zancen kuɗi da baki. Saboda haka Lahadin farko ta kowane wata, bayan an taso daga coci, Titina takan gasa taliya da nama a tanda, ta zuba a babban farantinta mai zanen zakara, ta shimfiɗa adiko, ta ɗora ambulan ɗin kuɗin haya a kai, ta ɗora farantin a kan ambulan, ta ɗaure bakin adikon a sama. Ta hau bene, su sha gahawa, su yi hirar ciwon ƙafa da tsadar kifi, ta sauko. Ba ya kwance ƙullin sai ta fita. Washegari farantin ya dawo a wanke, kuma da yake a nan ba a mayar wa mutum faranti fayau, kullum da wani abu a ciki: lemon tsami, ɓaure, ko 'yan ƙwai. Rasitinta ke nan fiye da shekara talatin.

"Sai ki kai wa Ilenia lemon ta shigar a injin," na ce mata a hanyar gida.

Ba ta yi dariya ba.

Ni na san abin da gidan nan yake a wurinta. Mijinta Vituccio shi ya liƙa shuɗayen tayal na kicin da hannunsa, kuma a ɗakin gaba ya cika. Ɗakin Egidio yana nan yadda ya bar shi ranar da ya hau babur ya nufi garin Martina Franca bai dawo ba, yana saurayi ko aure bai yi ba. Ranar jana'izarsa, Don Cataldo ne ya ɗauki gaban akwatin a kafaɗarsa, ya kuma rufe shagonsa har aka share makoki. Duk mutanen Titina a gidan nan suke, ko da ba sa raye. In aka fitar da ita, ban san inda za ta sake samunsu ba.

Don haka na sa ta gaba. In mun haɗu wajen shanya in yi mata, in mun haɗu wajen mai burodi in yi mata. Na ce ba kuɗin harajin ba ne, rufin da ke kanki ne, ki nemi takardar gaskiya tun mutumin nan yana iya riƙe biro. Da ƙyar ta yarda za ta yi masa magana a Lahadin farko ta Yuni, da sharaɗin in raka ta amma in kama bakina. Na rantse mata da Uwa Maryamu zan kama.

Mun same shi a kujerarsa ta bakin taga, da bargo a gwiwa duk da zafin da ake yi.

"A'a, Kummare, yau da rakiya? Kin kawo mini rediyon unguwa."

"Rediyon da ba ya cin batir, Don Catà," na ce. "Ka gode wa Allah kyauta kake saurare."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Titina ta ajiye farantin a tebur inda ta saba, ta dafa gahawa da kanta, ta zauna a bakin kujera tana murza zoben aurenta. Sai da gahawar ta huce sannan ta buɗe baki.

"Kumpare, wai yarinyar ofishin haraji ce ta ce, wai in mutum yana da takardar haya mai rajista, wai ana ɗan rage masa wani abu."

Kalmar haya ta faɗo a ɗakin kamar an saki cokali a coci. Bai kalli farantin ba. Bai taɓa kallonsa a gabanta ba.

"Nawa za su rage miki?"

Ta faɗa masa.

"Haba, Kummare! Don wannan ɗan abin za ki shigo da gwamnati tsakaninmu? Ni sai in ba ki daga aljihuna, a huta."

Na ga fuskarta ta yi ja har kunne. "Ba roƙo na zo ba, Kumpare."

"To mene ne? Takarda? Ni da ke?" Ya ɗaga hannunsa na dama. "Hannun nan ne ya tallafi kan Egidio ana zuba masa ruwa. Kafaɗar nan ce ta kai shi makwancinsa. Muddin ina numfashi ba wanda zai taɓa miki ko ƙusa a gidan nan."

Na rantse da Uwa Maryamu, na sani. Amma abin ya fi ƙarfina.

"In numfashin ya ƙare fa, Don Catà?"

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa.

"Sisina, auna mini akwati kika zo yi?"

"Fita," in ji Titina. Ban taɓa jin muryarta haka ba. "Fita, don Allah." Ina saukowa ina jin ta tana ba shi haƙuri, wai ya san halina, wai ba da wata manufa na faɗa ba.

Ba zan ce Don Cataldo mugu ba ne, ko da yake na sha kiransa haka a raina. Tsoro yake ji. In ya yi rajista yau, sai a tambaye shi na shekarun baya. Yana ƙaunar Titina, yana kuma ƙaunar kuɗinsa, kuma bai taɓa ganin dalilin da zai sa ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Washegari farantin ya dawo maƙil da ɓaure, har suna zubowa. Titina kuwa ta daina gaishe ni. Duk tsawon bazara in ta fito shanya sai ta juya mini baya, kuma abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna.

An fara girbin zaitun ke nan, wata safiya na ji ana ƙwanƙwasa ƙofata. Ita ce, da rigar girki a jikinta.

"Sisina, Kumpare ya tafi."

Na rungume ta, muka yi kuka a bakin ƙofa. Ban ce ai na faɗa miki ba, kuma wannan shi ne babban aikin lada da na yi a rayuwata.

'Yarsa tilo, Loredana, ta iso daga Milan, inda take aiki tun tana budurwa. Ba ta da laifi a fuska, kuma kukanta na gaskiya ne. Ita ta zauna da fada ta ba shi labarin mahaifinta don ya san abin da zai faɗa. Coci ya cika. Fada ya yi maganar shagon, ya yi maganar matarsa marigayiya, sannan ya ɗaga murya.

"Akwai alherin da bawan Allahn nan ya ɓoye, sai bayan ransa 'yarsa ta gani a takardunsa. Fiye da shekara talatin ya ba wata baiwar Allah gida ta zauna kyauta, ita da iyalinta, bai taɓa karɓar komai ba, bai kuma taɓa yi mata gori ba."

Kawuna suka juyo wajenmu. Waɗanda suka san yadda ake yi suka sunkuyar da kai, waɗanda ba su sani ba suka yi mata murmushin tausayi. Na yunƙura zan miƙe. Titina ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har sai da farcenta ya bar mini shaida. Idonta yana kan akwatin, bai motsa ba.

Da Lahadin farko ta Disamba ta zo, na ji ƙamshin taliya daga kicin ɗinta. Ta ɗaure farantin yadda ta saba, ta hau bene. Loredana tana nan tana kwashe kayan uban. Ta karɓa da godiya, Titina ta sauko.

Washegari da hantsi ina goge bakin ƙofata, matar mai aski da ke ƙasa tana hawowa da kwandon wanki, sai ga Loredana ta sauko. Farantin yana hannunta a wanke, babu lemo, babu ɓaure. Ambulan ne kawai a kwance a tsakiyarsa, a buɗe ga idon kowa.

"Gwaggo Titina, na tarar da wannan a ƙarƙashi. Na san so kike ki taimaka da hidimar jana'iza, Allah ya saka. Amma a'a. Baba bai taɓa karɓar ko sisinki ba, ba ni zan fara ba."

Titina ta tsaya da hannuwa a sake. Can ta karɓi farantin ta ce, "Na gode, 'yata."

Sai Loredana ta faɗi abin da ya kawo ta. Rufin yana yoyo, ita tana nesa, ba za ta iya da gidan ba. Akwai wanda zai sayi sashen uban da na Titina ya mayar da su ɗakunan baƙi masu yawon buɗe ido, amma sai babu kowa a ciki. Ba za ta matsa ba, Gwaggo ta zauna har bayan bikin Ista.

Na jefar da tsumman hannuna. "Ke yarinya, wane irin kyauta? Matar nan kowane wata sai ta biya ubanki! Wannan ambulan da kike gani kuɗin haya ne!"

Ba ta yi fushi ba. Mamaki ne ya kama ta. "Baba bai taɓa ce mini haka ba. Takarda ma ga ta can da sa hannunsu. Sinyora Sisina, ke kin taɓa ganin kuɗin da idonki?"

Ni da nake ganin komai a layin nan, me na gani? "Na ga faranti," na ce.

Ta juya wajen Titina. "Gwaggo, gaskiya ne?"

"Kin san halin Sisina," in ji Titina. "Ki je ki ƙarasa aikinki."

Ban haƙura ba. Na koma wurin Ilenia ni kaɗai, ta haɗa ni da lauyan ƙungiya. Ya ce ana iya kai ƙara, ba tabbas, amma ana iya gwadawa. Sai Titina ta tsaya gaban alƙali ta ce takardar ƙarya ce, a kira shaidu, a tono shekarun baya, harajin da marigayin bai biya ba ya hau kan gadon. Na zo da gudu na gaya mata. Na same ta a kicin tana goge tayal ɗin Vituccio.

"Wato in tsaya a kotu in ce mutumin da ya ɗauki gawar ɗana macuci ne?"

"To da mene ne shi?"

"Kumparena ne. Ni ma da hannuna na sa a takardar, ba wanda ya ɗaure ni. Yarinyar nan uban da take kuka a kansa shi ne wanda fada ya faɗa. In ƙwace mata shi?"

"Ita kuma ta ƙwace miki gida!"

"Ita ba ta sani ba, Sisina. Ni na sani."

Na zage ta. Na ce mata wawiya, na ce kunyarta ce za ta kwanar da ita a titi, na ce matattu ba sa jin kunya, rayayyu ne ke jin sanyi. Ta bar ni na gama, ta dafa mini gahawa. Ranar ce na gane ba zan iya cetonta ba, kuma baƙin cikin wannan har yau bai sake ni ba.

Bayan Ista 'yar ƙanwarta ta zo da mota daga garin Massafra. Sun share mata ɗan ɗakin da suke guga a ciki, gado ɗaya ne zai shiga da akwati. Kayan Egidio aka kai wa coci. Kafin su tafi ta ɗauki wuƙa ta yi ƙoƙarin ɓanɓaro tayal ɗaya daga bangon kicin ta tafi da shi. Vituccio ya iya aikinsa, ya liƙa da kyau. Tayal ɗin ya tsage biyu a bangon, ya ƙi fita. Ta ajiye wuƙar. Farantin mai zakara kuwa ni ta ba, ta ce can ba ta da wanda za ta kai wa.

Da Mayu ta zagayo ta yi mini waya ta ce za ta shigo motar safe, don ba ta yarda kowa ya cike mata takarda ba sai Ilenia. Na tare ta a tasha. Ta rame, kwalin takalminta ya fi na bara nauyi. Na bi da ita ta bakin ruwa don kada ta ga ma'aikata suna zubo shuɗayen tayal daga tagarta. Ta gane dalilin zagayen, ba ta tambaya ba.

Ilenia ta shigar da rasitan ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo wurin tambayar gida sai ta tsaya, ta dube ni, ta dubi Titina.

"Sinyora, inda kike yanzu, haya ce? In da takarda ko yaya take, ki kawo, bana sai na samo miki ragin nan."

"Na ba su kuɗi sun ƙi karɓa, 'yata. Sun ce abin kunya ne." Ta gyara zaman kwalin a cinyarta. "Rubuta kyauta nake zaune. Wannan karon gaskiya ne."